Fim ɗin Tolkien na Rasha, gaskiya ne?

Malam, ka tambaya ko gaske ne Rashawa sun yi nasu fim na littafin The Lord of the Rings na marubucin Ingila Tolkien kafin na darakta Peter Jackson. Ƙwarai kuwa. Sunansa Khraniteli, gidan talabijin na Leningrad (birnin St. Petersburg na yanzu) ne ya shirya shi a 1991, Natalya Serebryakova ta ba da umarni. Sau ɗaya aka haska shi, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa har 2021, lokacin da tashar da ta gaji gidan ta ɗora shi a YouTube.

Kuɗi kam babu. Kayan 'yan wasan kamar na dandamalin makaranta. Amma akwai Tom Bombadil a ciki, wani mutum a labarin littafin wanda Jackson ya tsallake, kuma wannan ya burge ni sosai. Ka kalla da haƙuri, da Rashanci suke magana.