Kafin ka fidda kwantak ka sa na lantarki

Ka ce mai tsohuwar Land Rover ɗin nan ya gaji da gyaran kwantak, kana tambaya ko distributa ɗungurungum za ka canja masa, ko kuwa kwantak da kwandensa kaɗai za ka fidda ka sa na'urar lantarki a gurbinsu. To ɗana, kada ka sayo komai tukuna. Buɗe murfin distributa, zare rota, ka kama kan sandar da yatsu biyu ka girgiza ta gefe da gefe. In ka ji tana lilo, bushin ya ci. Na'urar ta fi kwantak haƙuri da ɗan lilo, amma in ya yi yawa, wuta za ta riƙa zuwa wa kowace silinda a lokaci daban.

In sandar na tsaye daram, mayar da rota ka murɗa ta wajen da take juyawa. Ya kamata ta ɗan tafi, kana sakin ta ta dawo da kanta. A ƙarƙashin farantin da kwantak ke kai akwai ƙarafa biyu masu nauyi da sifirin biyu, kuma a nan aikin yake. Injin na ƙara gudu, fistan na ƙara sauri, amma fetur ba ya ƙara saurin ci daidai da shi, saboda haka dole wuta ta riga zuwa. Ƙarafan nan su ke buɗewa su gabato da ita. Sau da yawa za ka tarar tsatsa ta kame su, don babu wanda ya taɓa ɗiga mai a kan sandar ƙarƙashin rota. Sannan ka cire siririn tiyon da ya zo daga kafireta ka tsotsa: farantin ya motsa, in ka toshe da harshe ya tsaya inda yake. Ya koma da kansa, robar ciki ta huje.

Duk waɗannan na'urar ba ruwanta da su. Abin da take yi ɗaya ne: maganaɗisu na wucewa ta gabanta, tana yanke wa koyil wuta, babu abin da ke gogar wani balle ya ci. Mota za ta tashi da wuri, sulo ya daidaita, taimin ya daina gocewa. Wanda ya ce wa mai mota za ta ƙara ƙarfi sosai, daɗin baki ya yi masa.

Ni dai in distributar Lucas 25D ko 45D ɗin da ke kai tana da lafiya, ba na jefar da ita. An zaɓi sifirin ɗinta ne don wannan injin mai lita 2.25 da ke jan kaya a hankali. Sabuwar da aka yi wa ƙaramar mota za ta iya shiga ramin daidai, amma ta gabato da wuta da wuri, sai ka ji ƙyal-ƙyal a injin in ana hawan tudu, kuma wannan ƙarar fistan take ci. In dole sai an canja, nemi wadda aka yi wa injin.

Auna koyil da mita kafin ka haɗa waya. Na'urar Pertronix Ignitor, alal misali, tana son om 3 a injin mai silinda 4 ko 6. Ka ba ta koyil mai om 1.5 babu abin rage wuta, ta ƙone. Haka in aka bar makulli a kunne injin na kashe. Duba batir kuma: Land Rover na kafin 1967 bakin fositif ne ke haɗe da jikin mota, kuma na'urarsu daban ce.

Wajen ɗaurawa, kawo fistan na 1 sama a bugun matsi, ka yi alama inda rota ke kallo. Jerin wuta 1-3-4-2 ne. Sandar Land Rover hanya ɗaya take zama, don harshenta ba a tsakiya yake ba. Ranar da Land Cruiser mai injin F ko 2F ta zo hannunka kuwa, ka natsu. Jerinta 1-5-3-6-2-4, giyarta karkatacciya ce, rota na juyawa yayin da take sauka, kuma ƙasan sandar shi ke juya famfon baƙin mai. In ba ta zauna har ƙasa ba, injin na iya tashi babu mai a jikinsa. Idonka na kan agogon baƙin mai daga bugun farko.

Taimin sai an sake shi da fitilar taimin, injin na sulo, tiyon kafireta a cire a toshe. Adadin yana littafin motar.

Tsohon kwantak, kwandensa, ƙananan sukurorinsu da wayar da ke zuwa koyil, ƙulle su a leda ka ba mai motar ya ajiye a ciki. Motar daji ce, kuma na'urar in za ta mutu ba ta sallama, ba ta kuma gyaruwa a bakin hanya. Kwantak kuwa goge shi za a yi a ci gaba da tafiya. Rubuta masa tazarar bakin a takarda ka saka a ledar: milimita 0.35 zuwa 0.40.