Tallafin Chevening: shin hidimar ƙasa ta wadatar?

Tambaya: Na gama digiri, na kuma kammala hidimar ƙasa. Zan iya neman tallafin Chevening na karatu a Birtaniya? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: ’Yar’uwa, ki fara da ƙirga awannin aikinki. Chevening na bukatar gogewar aiki ta shekara 2, wato awa 2,800, kuma shekarar hidimar ƙasa kaɗai da wuya ta kai. Ana lissafa aikin sa-kai da na wucin gadi, saboda haka ki tattara su da kwanan watansu.

Akan buɗe shafin nema a watan Agusta, kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi a hannunki ɗan damfara ne.

Za ki zaɓi kwasa-kwasan digiri na biyu guda 3, ki rubuta maƙaloli 4. Maƙalar shugabanci ce ke kayar da mutane da yawa, domin suna jera halaye kamar “ina da haƙuri”. Ki kawo abu ɗaya da kika jagoranta: wace matsala ce, me kika yi, mutum nawa suka amfana. Kada ki kwafi ta wani, ana ganewa.

Ki sani kuma dole ki dawo gida bayan karatun, ki zauna aƙalla shekara 2.