In mayar da kamfanina da sunan matata don in samu kwangilar banki a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bronx, New York, ina da ƙaramin kamfanin shara da goge ofisoshi. Na ji cewa bankin JPMorgan Chase ya ware maƙudan kuɗi don bai wa kamfanonin baƙar fata da na mata aiki. Wani mai kiran kansa ƙwararre ya ce in rubuta kashi 51 na kamfanin da sunan matata, in biya shi ya samo mana takardar shaida, kwangila kuwa kamar tana hannu. Matata ba ta taɓa shiga harkar ba. Ya kuma ce ɗana da ya gama jami'a yana da gurbi na musamman a bankin. Na ba shi kafin alƙalami, amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ƙara masa ko sisi, kuma kada ka sa hannu a takardar canja mallaka.

Labarin da ka ji yana da tushe. A watan Oktoba na 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Amurka, JPMorgan Chase ya yi alkawarin dala biliyan 30 cikin shekara biyar. Sai dai mafi yawan kuɗin rance ne, musamman na gidaje. Abin da ya shafi 'yan kwangila shi ne ƙarin dala miliyan 750 na sayayya daga kamfanonin baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka. Lissafin abin da banki ya saya ne a ƙarshen shekara, ba kaso ba ne da ake kasawa a miƙa wa duk mai takarda.

Wannan ruɗin ne ya ishe ni, kusan kullum sai an zo min da shi: wai takardar shaida ita ce kwangila. Ƙungiyar NMSDC tana ba da shaidar kamfanin tsiraru, wato baƙar fata da sauran ƙananan jinsuna, ƙungiyar WBENC kuma ta kamfanin mata. Iyakar abin da takardar ke yi shi ne ta sa sunanka cikin jerin da ma'aikatan sashen sayayya ke dubawa. Bayan nan sai farashi, da inshora, da tarihin aikinka su yi magana. Dillalin da ya ce maka kwangila tana hannu, ka tambaye shi sunan sashen da zai sa hannu, za ka ga ya fara kame-kame.

Batun kashi 51 kuwa, rabin sharaɗin kawai ya gaya maka. Sharaɗin shi ne mace ta mallaka, ta tafiyar, kuma yanke hukunci ya kasance a hannunta. WBENC tana duba takardun haraji da na asusun banki, tana kuma tattaunawa da mai kamfanin ita kanta. Za a tambayi uwargida wa ke sa hannu a cak, wa ke ɗaukar ma'aikata, yaya ake lissafin farashin goge hawa guda. Me za ta ce? In asiri ya tonu daga baya, a janye shaidar, banki ya soke kwangilar. Neman kwangila da bayanin ƙarya zamba ne a dokar Amurka, kuma a kwangilolin gwamnati an sha ɗaure mutane kan irin wannan kamfanin riga ba wuya. Akwai kuma abin da dillalan ba sa faɗa: ran da ka sa hannu, kashi 51 ya zama nata a gaban kotu, ko ana zaman lafiya ko ba a yi, ko an zo rabon gado. Sannan ka jefa baiwar Allah cikin laifin da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Wannan ba adalci ba ne, kuma kuɗin da aka ci da ƙarya kai ma ka san hukuncinsa.

Abin takaicin ma shi ne ba ka bukatar wannan dabarar. Kai baƙar fata ne. In kana da takardar zama ɗan ƙasa, nemi shaidar NMSDC da sunanka, ka biya kuɗinsu kai tsaye. Birnin New York ma yana da tasa shaidar ta kamfanonin tsiraru da mata, don kwangilolin birni, kuma kyauta ce.

Ka kuma san cewa manyan bankuna ba su cika bai wa ƙaramin kamfani aikin shara kai tsaye ba. Suna danƙa gine-ginensu ga manyan kamfanonin kula da gine-gine irin su JLL da CBRE, su kuma su raba wa ƙanana, banki ya ƙirga wannan cikin lissafinsa. Ƙofarka ke nan. Tanadi inshorar ma'aikata, da shaidar binciken halayensu, da jarin da za ka biya albashi kafin kuɗin aiki ya fito.

Game da ɗanka, babu gurbin da aka ajiye. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana ɗauka ko ƙin ɗauka saboda launin fata. Abin da bankuna suka yi shi ne faɗaɗa inda suke neman ma'aikata, wani lokaci ma a takarda kawai: a 2022 jaridar New York Times ta ruwaito cewa a bankin Wells Fargo an riƙa kiran baƙar fata da mata ganawa kan ayyukan da an riga an bai wa wasu. Tun 2025 kuma bankuna da dama sun ja baya daga irin waɗannan shirye-shirye, JPMorgan ma ya sauya wa shirinsa suna a watan Maris na shekarar. Ya nema ta shafin bankin kamar kowa.

Kafin alƙalaminka kuwa, rubuta masa ka nemi a mayar maka, ka adana rasit da saƙonninku. In ya ƙi, kai ƙorafi sashen kare masu sayayya na ofishin babban lauyan jihar New York.