Me ya sa 'yan Italiya ba sa magana sai da hannu?

Tambaya: Malam, ina yawan kallon gasar ƙwallon ƙafa ta Italiya. Da alƙalin wasa ya busa, sai in ga 'yan wasa sun taso masa, sun haɗe yatsu wuri ɗaya suna kaɗa hannu sama da ƙasa. Abokina ya ce irin daƙuwarsu ke nan. Haka ne? Kuma me ya sa mutanen nan ba sa iya magana sai hannu na motsi? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malam, abokinka bai canka ba. Wannan alamar tambaya ce, ba zagi ba. Idan ɗan Italiya ya tattara kawunan yatsunsa biyar suna kallon sama, yana girgiza hannun, cewa yake yi: "Wai me kake nufi?" ko "Me kake so ne?" ko "Wannan wace irin magana ce?" Fuska da saurin hannu su ke nuna zafin abin. A hankali, da murmushi, uwa ma tana yi wa ɗanta idan ya kawo mata shirme. Da sauri, da ɗaure fuska, to rai ya ɓaci. Ɗan wasan ƙorafi yake kai wa alƙali. Alamar ta shahara har aka shigar da ita cikin 'yan hotunan nan na saƙon waya a 2020.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, wannan motsi ba wurgi da hannu ba ne na mai yawan surutu. Kowace alama tana da siffarta da ma'anarta, kuma idan ka karkata hannun kaɗan ma'anar na iya sauyawa. Isabella Poggi ta Jami'ar Roma Tre ta ƙididdige alamomi wajen 250 da 'yan ƙasar ke amfani da su yau da kullum. A murza manuniya a kumatu: abinci ya yi daɗi. A ja fatar ƙasan ido da yatsa: buɗe idonka, a yi hattara. Mutum biyu na iya gama magana daga tsallaken titi ba wanda ya buɗe baki. Kada dai a haɗa wannan da yaren kurame na Italiya, wanda harshe ne cikakke mai nahawunsa, da ƙasar ta amince da shi a hukumance a 2021.

Abin ya daɗe. Tun 1832 wani limamin coci a birnin Napoli da ke kudancin ƙasar, Andrea de Jorio, ya rubuta littafi sukutum a kan alamomin mutanen garinsu, yana kwatanta su da abin da ya gani a zane-zane da tukwanen tsoffin Girkawa da Rumawa. Da dama daga cikin abin da ya bayyana ana yin su har yau a lungunan Napoli.

Dalili kuwa, masana sun kawo fiye da ɗaya. Italiya ba ta dunƙule ta zama ƙasa guda ba sai 1861, kuma a lokacin 'yan kaɗan ne ke jin daidaitaccen Italiyanci. Kowane yanki da karin harshensa, mutumin Sisili da na Milan da ƙyar su fahimci juna. Ga kuma ƙarnonin da Sifaniyawa da Faransawa da 'yan Ostiriya suka yi suna mulkin sassan ƙasar, har wasu ke cewa hannu ya zama hanyar magana a gaban baƙon mai mulki. Ni na fi gamsuwa da bayanin Adam Kendon, wanda ya fassara littafin de Jorio zuwa Ingilishi a 2000. Shi ya dubi yanayin zaman Napoli ne: gari mai cunkoso, rayuwa duk a waje, ana ciniki da hira daga bene zuwa titi cikin hayaniya. Wanda ke son a saurare shi a irin wannan wuri dole jikinsa ya taya bakinsa.

Ba a jini abin yake ba, koyo ne. David Efron ya nuna haka a binciken da ya wallafa a 1941 kan 'yan kudancin Italiya da suka yi ƙaura zuwa New York. Iyaye sun riƙe salon gida, amma 'ya'yan da suka saje da Amurkawa hannunsu ya koma motsi irin na Amurkawa. Wannan sakamako yana da nauyi, domin ya fito ne a zamanin da 'yan Nazi na Jamus ke iƙirarin cewa har motsin hannu gado ne na jinsi.

Cikin ƙasar ma ba a taru an zama ɗaya ba. Goga bayan yatsu a ƙarƙashin haɓa a watsa su gaba, a arewa yana nufin "ban damu ba", kuma akwai raini a ciki. A Napoli da Sisili sau da yawa "a'a" ce kawai.

Zagi na gaske yana nan, kuma shi ya kamata baƙo ya sani. Akwai wanda ake dafa gwiwar hannu ta ciki da ɗaya hannun a ɗaga dunƙule sama. Wannan ashar ce tsagwaronta. Sai ƙaho: a miƙe manuniya da ƙaramin yatsa, a naɗe sauran. Idan yana kallon ƙasa, kariya ake nema daga mugun ido da kambun baka. Idan aka ɗaga shi aka nuna namiji, an ce masa matarsa na cin amanarsa, kuma maganar na iya kaiwa ga dambe. A 2002 Fira Minista Silvio Berlusconi ya yi wannan ƙahon a bayan kan ministan harkokin wajen Sifaniya ana ɗaukar hoto a wani taron Tarayyar Turai. Ya ce wasa yake yi, amma jaridu sun daɗe suna caccakarsa. Saboda haka idan tafiya ta kai ka can, shawarata ka fara da kallo, ka tambayi ɗan gari ma'anar alama kafin ka kwaikwaye ta, musamman wannan ta ƙaho.