Shafin Gwaggo: Gadon mahaifinmu ya maƙale, yaya za mu yi a raba?

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina rubuto miki daga Mabera, cikin garin Sakkwato. Mahaifinmu ya rasu shekara biyu ke nan, Allah ya jiƙansa. Ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, da gida, da gona wajen Wamakko, da shago, da kuɗi a banki da kuma na fansho, domin ma'aikacin gwamnatin tarayya ne. Har yau ba a raba komai ba. Babban yayanmu ya ce sai kuɗin banki sun fito a haɗa a raba gaba ɗaya, kuma shi ke karɓar hayar shagon tunda sunansa Baba ya rubuta a fom ɗin banki. Banki kuma sun ce sai mun kawo takardar kotu. Innata ba ta da lafiya, ƙannena biyu an koro su daga makaranta. In na yi magana a ce na faye son abin duniya. Mi za ni yi, Gwaggo?

Ɗiyarki, daga Mabera

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya gafarta wa mahaifinku, ya ba innarki lafiya.

Neman haƙƙin marayu ba son duniya ba ne, kada ki yarda a sa ki jin kunya. Kuma abin da ya tsayar da ku bai kai yadda kuke zato ba. Kun ɗaure dukiyar duka a ƙafar kuɗin banki, alhali babu abin da ya wajabta haka. Gida da gona da shago ana iya raba su tun yanzu, kuɗin su biyo baya idan sun fito, kowa ya karɓi kasonsa a kan lissafi ɗaya.

Ki fara da baffanninku. Ki roƙi wanda yayanku ke jin nauyinsa ya tara ku, da malamin da ya san ilimin gado. A zaman nan a rubuta komai: sunayen magada, dukiyar da ya bari, bashin da ake bin sa da wanda yake bi, da wasiyya idan akwai. Bashi ake fara biya, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi (kashi ɗaya cikin uku) ba, sannan magada. Matan biyu za su raba tumuni (kashi ɗaya cikin takwas) tsakaninsu, iyayensa idan suna raye kowanne yana da sudusi (kashi ɗaya cikin shida), saura na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Rikicin da na fi gani a kan ƙimar gida da gona yake tashi, don haka ku samo masu kimantawa waɗanda ɗakunan biyu suka amince da su kafin a ambaci kowane farashi. Hayar shagon da aka karɓa tun ranar rasuwa ita ma gado ce, sai an kawo lissafinta.

Maganar sunan yayanku a fom kuwa, wannan suna ne na wanda za a tuntuɓa. Bai mayar da shi mai dukiya ba, bai ƙara masa ko kwabo a kan rabonsa ba. Wataƙila shi kansa bai san haka ba, don haka a faɗa masa cikin mutunci, ba a gaban ƙannensa ba.

Takardar da banki ke nema ita ce ta izinin kula da dukiyar mamaci, kuma sashen gado na Babbar Kotun Jiha ke bayar da ita. Kada ku jira a gama zaman gida, ku fara nemanta a lokaci guda. Ku tanadi takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da lambobin asusunsa duka, da katin shaida da hotunan waɗanda za su wakilce ku. Ina ba ku shawara ku zaɓi mutum biyu, ɗaya daga kowane ɗaki, don a kashe zargi. Ku duba rubutun sunan marigayi da kyau: idan na banki ya saɓa da na takardar mutuwa ko da harafi ɗaya ne, za a mayar da ku baya sai kun yi takardar rantsuwa. Ku tabbata an saka asusun fansho cikin takardar tun farko, don kamfanin fansho ma ita zai nema. Ku kuma tambayi ma'aikatarsa kuɗin inshorar rai, domin dokar fansho ta 2014 ta tanadar wa ma'aikaci aƙalla ninki uku na abin da yake samu a shekara. Iyalai da yawa ba su san da shi ba.

Idan yayanku ya ƙi zama, ke kaɗai ma kina da ikon kai maganar Kotun Shari'a ki nemi a raba, alƙali zai kira kowa. Ba na so a kai can da fushi, amma jinkirin nan yana da haɗari: idan wani magaji ya rasu kafin rabo, kasonsa zai koma ga nasa magadan, lissafi ya ƙara tsawo. Kafin nan, ki roƙi baffanku a wannan makon ya sa a cire kuɗin makarantar ƙannenki da maganin innarki daga hayar shagon, a rubuta, a zare daga rabonsu ranar rabo.

Gwaggo