Tambaya da Amsa: In Ajiye Aikina In Rungumi Haɗa Wasan Bidiyo?

Wasiƙu huɗu na zaɓa a wannan watan. Ta farko ce ta fi cin lokacina, domin ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi.

Tambaya: Yaya, shekarata 26, ina aikin rubuta manhaja a wani kamfani, albashina yana shigowa duk wata. Shekara guda ke nan ina haɗa wasan bidiyo na kaina da daddare, wasan yaƙin takobi ne mai faffaɗar duniya, da garuruwa da dogon labari. Na gaji da raba hankalina biyu. Na tara abin da zai riƙe ni wata takwas. In ajiye aikin in fuskanci wasan gaba ɗaya?

Amsa: Ƙanena, kada ka ajiye tukuna. Na faɗa maka haka kai tsaye ne domin ni na taɓa ajiyewa, da ajiyar wata goma a hannuna da wasa mai kama da naka a cikin kwamfuta. Na yi wa kaina alkawarin gamawa cikin shekara ɗaya, sai da ya ci uku. Kuɗin ya ƙare tun ban gama gari na biyu ba, na koma karɓar aikin kwangila da rana, ina taɓa wasan da dare, wato na dawo daidai inda na baro, sai dai yanzu babu tabbacin albashi. Ranar da ya fita na kwana ina duba shafin ciniki. Wasan ba shi da muni, har yau ina alfahari da wasu sassansa. Matsalar ita ce ba wanda ya san da zamansa, domin shekara ukun nan duka a kan ginawa na ƙarar da su, ban ware ko mako guda na nuna wa mutane ba.

Bari mu yi lissafi, tunda kai mai lissafi ne. Yawancin masu haɗa wasan kwamfuta su kaɗai a kasuwar intanet ta Steam suke sayarwa, ta kamfanin Valve. Tun 2017 dala 100 ake biya a kan kowane wasa kafin a saka shi, kuma za a mayar maka da ita idan cinikin ya kai dala 1,000. Ƙofar a buɗe take ga kowa, shi ya sa a 2023 kaɗai wasanni sama da 14,000 suka shiga ta cikinta. Valve na ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na ciniki. Wanda ya saya kuma yana da ikon mayarwa a ba shi kuɗinsa cikin kwana 14, muddin bai buga ya kai awa biyu ba. Ƙara da harajin ƙasashen masu saye, da ragin da ake yi wa ƙasashen da kuɗinsu ba shi da ƙarfi, da lokutan rangwame waɗanda a cikinsu ne mutane suka fi saye. A nawa wasannin, abin da yake isowa hannuna bai cika wuce rabin kuɗin da aka rubuta a shafi ba. To ka ce wasanka dala 10 ne, mutum 1,000 suka saya: dala 5,000 ke nan, ladan aikin shekara biyu ko uku. Kuma samun mutum dubun nan ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda ba a san sunansa ba.

Na san sunan da yake yawo a ranka, domin ya yi yawo a nawa. Eric Barone ya haɗa Stardew Valley shi kaɗai, zane da kiɗa da rubutun manhaja duka, ya fitar a Fabrairun 2016, miliyoyin mutane suka saya. Gaskiya ne. Amma ya shafe fiye da shekara huɗu a kansa, kuma a tsawon lokacin yana aikin wucin gadi a wani gidan wasan kwaikwayo, yana nuna wa 'yan kallo kujerunsu. Among Us ya fita a 2018, ya zauna shiru shekara biyu kafin duniya ta waiwaye shi a 2020, kuma masu shi sun kai wannan ranar ne saboda suna da abin da ya riƙe su. Labarin waɗanda suka yi irin wannan jiran ba a waiwaye su ba, ba ya zuwa kunnenmu, alhali su ne mafiya yawa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ma ba ajiye aikin ba ne, girman wasan ne. Faffaɗar duniya mai garuruwa da dogon labari aikin mutum ɗari ne ko fiye, a kamfanonin da suke da masu zane daban, masu sauti daban, masu gwaji daban. Kai kaɗai ne. Kowane gari da ka ƙara, ka ƙara wa kanka mutanen da za ka zana, da maganganun da za ka rubuta, da kurakuran da za ka bi ɗaya bayan ɗaya kana gyarawa. Akwai kuma aikin da ba ya ganuwa sai an zo ƙarshe: shafin zaɓuɓɓuka, ajiye inda mai wasa ya tsaya, sa wasan ya yi aiki da abin bugawa na hannu, gyara shi ya zauna daidai a kan allo babba da ƙarami, fassara. A wasana na farko wannan ɓangaren ya ci kusan shekara, ni kuwa wata ɗaya na ware masa.

Ga shawarata. Ajiye babban wasan a gefe, ba zai gudu ba. Ciro abu ɗaya daga cikinsa wanda ka san yana da daɗi, ko da saran takobin ne kawai a fili guda, ka gina ƙaramin wasa a kansa wanda za a iya gamawa cikin awa biyu ko uku. Ba kanka wata shida na dare da ƙarshen mako. Wasana na biyu haka ya zo: jera akwatuna ne a cikin jirgin ruwa ba tare da jirgin ya karkata ba, babu labari, babu gari. Wata biyar ya ɗauka, kuma shi ne ya fara kawo mini kuɗin da zan iya ƙirgawa. Celeste, wasan hawan dutse da ya yi suna a 2018, asalinsa ɗan ƙaramin wasa ne da mutum biyu suka haɗa cikin kwana huɗu a 2015, sai da suka ga hawan dutsen yana kama mutane sannan suka faɗaɗa shi.

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Buɗe shafin wasan a Steam tun da sauran watanni, da gajeren bidiyon da yake nuna wasan kansa a daƙiƙun farko. Mutane za su riƙa saka shi a jerin abubuwan da suke son saye, kuma ranar da ya fita za a aika musu sanarwa. Saki ɗanɗano kyauta, wato ɗan guntun wasan da mutane za su gwada. Steam na yin bikin nuna irin waɗannan ɗanɗanon mai suna Next Fest sau uku a shekara, a Fabrairu da Yuni da Oktoba, kuma sau ɗaya tak kowane wasa yake shiga, don haka kada ka shiga da ɗanyen abu. Yawan mutanen da suka saka wasanka a jerinsu, da yawan waɗanda suka buga ɗanɗanon har ƙarshe, su ne za su faɗa maka ko lokacin ajiye aiki ya yi. Kafin ka ga waɗannan lambobin, ajiyewa sakin reshe ne kama ganye. Ajiyar wata takwas ɗin nan ka bar ta inda take, za ka buƙace ta wajen biyan mai zane ko mai kiɗa.

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa 17, ya ce shi sana'ar haɗa wasan bidiyo zai yi. Ni dai abin da nake gani shi ne yana zaune gaban kwamfuta. Wannan sana'a ce da mutum zai riƙe iyali da ita?

Amsa: Hajiya, sana'a ce, ni da ita nake riƙe nawa iyalin, amma damuwarki tana kan hanya. Buga wasa daban, haɗa shi daban, kuma yara da yawa suna son na farkon suna kiran sunan na biyun. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ki ce ya nuna miki abin da ya haɗa da hannunsa, ya ba ki ki buga. Ko da ɗan murabba'i ne yake tsalle a kan layi, in dai shi ya yi, kuma yana iya yi miki bayanin dalilin da ya sa tsallen yake da nauyi ko sauƙi, to da gaske yake. In babu abin nunawa, ki ba shi wata uku. Akwai taron da ake kira Global Game Jam, ana yin sa duk watan Janairu tun 2009 a ƙasashe da dama, inda ake haɗa wasa cikin awa 48. Akwai irinsa da yawa a shafin itch.io duk shekara, ana shiga daga gida kyauta. Yaron da ya shiga ya fito da abu kammalalle ya koyi abin da bidiyon koyarwa ɗari ba za su koya masa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, aikin ba shi da tabbas ko a manyan kamfanoni. A Janairun 2024 kaɗai Microsoft ta sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanninta, Unity, kamfanin da yake yin manhajar haɗa wasanni, ta sallami kimanin 1,800. Shi ya sa nake roƙonki kada ki bari ya yi wasa da karatu, musamman lissafi, domin duk abin da yake motsi a kan allo da lissafin kusurwa da nisa yake motsawa. Harshen rubuta manhaja irin C# ko C++ da zai koya don wasa, shi ne dai ake nema a sauran ayyukan manhaja. In wasan bai karɓe shi ba, ba zai fita hannu rabbana ba.

Tambaya: Wane inji, wato manhajar haɗa wasa, zan fara koya, Unity ko Unreal ko Godot? Wata uku ke nan ina bincike.

Amsa: Wata ukun nan sun isa ka gama ƙaramin wasa. In kwamfutarka ba ta da ƙarfi, ko wasan mai shimfiɗaɗɗen zane ne marar zurfi (2D), ɗauki Godot: kyauta ne tun 2014, ba ya karɓar kaso a cinikinka. In kana hangen aiki a kamfani, Unity ya fi yawan guraben aiki a ƙananan kamfanoni da wasannin waya. Unreal na manyan wasanni ne masu zurfin zane (3D), yana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma kashi 5 cikin ɗari yake karɓa bayan wasa ya haura dala miliyan ɗaya. Wasan Undertale da wani injin mai suna GameMaker aka yi shi, kuma ban taɓa jin mai wasa ya tambayi injin da aka yi shi da shi ba. Zaɓi ɗaya a daren yau.

Tambaya: Yaya, ni mai zane ce. Wani abokin karatuna mai rubuta manhaja ya ce mu haɗa wasa tare, in kuɗi ya shigo mu raba. Na yi wata huɗu ina zane, ba mu rubuta komai ba. Ina jin nauyin tayar da maganar, kada ya ga kamar ban yarda da shi ba.

Amsa: Ƙanwata, tayar da ita a wannan makon. Abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa. Yanzu da babu ko sisi maganar tana da sauƙi, ranar da kuɗi ya shigo ko ɗayanku ya gaji za ta yi nauyin da ba ki zata ba. Na ga wasan da ya kusa kammala ya mutu a cikin kwamfuta saboda mai zanen ya samu aiki ya tafi, aka rasa wanda zai ce ko zanen nasa na nan a wasan ko ya tafi da shi. Mutanen kirki ne su biyun, kuma ba sa gaisawa yanzu.

Takarda ɗaya ta isa a farko. Ku rubuta kason kowa da lamba, kuma ku fayyace cewa daga abin da ya rage ne bayan kasuwa ta cire nata da haraji. Ku rubuta wanda ya mallaki wasan da sunansa, da wanda ya mallaki zanen. Ku rubuta abin da zai faru in ɗaya ya janye a tsakiya: kasonsa zai ragu ne, kuma aikinsa zai zauna? Ki kula da asusun kasuwar, domin da sunan mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ake buɗe shi, kuma can kuɗin yake sauka, don haka ki nemi a ba ki damar ganin shafin ciniki da idonki. Sannan ki sa a rubuta cewa kina da ikon nuna zanenki a kundin ayyukanki ko wasan ya fita ko bai fita ba. Wannan sharaɗin na ƙarshe kada ki sassauta a kansa, domin wasannin farko da yawa ba sa fita, kuma zanen wata huɗun nan shi ne abin da za ki nuna wa mai ba ki aiki na gaba.

In wani kamfanin wallafa ya zo muku da tayin kuɗi nan gaba, wannan kuma sai da lauya, musamman a kan sharaɗin da yake cewa sai sun fanshe abin da suka kashe kafin ku fara ganin kasonku.

Game da jin nauyi, ga yadda na yi da mai yi mini kiɗa, wanda abokina ne tun kafin sana'ar. Na ce masa ina so mu rubuta ne don kada mantuwa ta shiga tsakaninmu, na kuma miƙa masa ya fara rubuta nasa sharuɗɗan kafin nawa. Ya rubuta uku, na ƙara biyu, muka sa hannu, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa. Wasa na uku ke nan muna yi a kan wannan takardar.