Tambaya da Amsa: Wane kamfas zan saya don shiga daji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina raka baffana sayen dabbobi a rugagen da ke bayan Tanut. Da hunturu idan hazo ya sauko sai gabas da yamma su ɓace mana, waya kuma ba caji. Na ga kamfas iri-iri a kasuwa, har da na jikin maƙalin makulli. Wanne zan saya, kuma yaya ake aiki da shi?
Daga wani mai karatu, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Na jikin makullin nan bar wa yara su yi wasa. Nemi mai faffaɗan gindi na roba garai-garai, wanda allurarsa ke iyo cikin ruwa, da zobe mai juyawa da aka rubuta lambobin digiri 0 zuwa 360. Kamfanonin Silva da Suunto sun yi suna a wannan, amma ba dole sai su ba. Tun a gaban mai kaya ka ɗora shi a tafin hannu, ka kusanto da makulli har allurar ta karkata, sannan ka janye. In ta koma inda take ta tsaya cak, to. In ta tsaya wani wuri dabam, ko ka ga ƙaton kumfa a ciki, mayar masa da abinsa.

Jan bakin allurar arewa yake nunawa. Gabas 90, kudu 180, yamma 270. A yankinmu tazarar da ke tsakanin arewar allura da arewar taswira ba ta kai digiri 2 ba, kada ta dame ka.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne, kamfas ba ya faɗa maka inda kake. In sai da ka ɓata ka ciro shi daga aljihu, aikinsa kaɗan ne. Kafin ku bar titi za ka duba shi. Ku ma kun yi sa'a, domin hanyar Damagaram zuwa Agadas, wadda ta bi ta Tanut, daga kudu ta miƙe arewa. In gabas da ita kuka shiga, duk rintsi ka bi 270, za ka faɗo kanta. In rugar tana kan 60 daga inda kuka sauka, dawowa sai ka ƙara 180, wato 240. Lambar da ta haura 180 kuwa ragewa ake yi.

Kada ka yi tafiya kana kallon allura. Saita lambarka, ka hango wata aduwa ko ƙaya da ke kan layin, ka je gare ta, ka sake saitawa. Hazo ya yi kauri? Tura baffa gaba iya inda ido ke kaiwa, ka daidaita shi da hannu. Kuskuren digiri 1 mita 17 ne a kowace kilomita, ka ga a tafiyar kilomita 20 ana iya wuce rijiya ba a gan ta ba.

Ƙarfe kuma yana ruɗa shi. Sauka daga babur ka matsa taku goma, ka nisanta shi da adda da waya da rediyo.

Tunda sallah za ta riske ku a can: alƙibla daga Damagaram wajen 71 ce, daga Tanut wajen 73.